Kankana Ta Shiga Butar Shayi

Malamai masu daraja, iyaye maza da iyaye mata, ma'aikatan lafiya, 'yan makaranta, da samarin fada da suka baro gawayi yana ci suka zo sauraro, barka da warhaka.

Daga watan Maris zuwa Mayu, Damagaram ba ta da zancen da ya wuce zafi da ƙishirwa. Ma'aunin zafi yakan haura 40 da rana, duwatsun Birni su ɗauki wuta har bayan isha'i ba su huce ba. A wasu unguwannin famfo yakan yi kwanaki bai ɗigo ba, duk da ruwan da ake turowa gari daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram. A daidai wannan lokacin ne kankanar noman rani take cika gari, tuli-tuli a bakin titi da kasuwar Dole, wasu a amalanke, wasu a yanke a kan faranti. A 2024 da 2025 azumi ya kama a cikin Maris, saboda haka da wuya a sami gidan da aka yi buɗa baki ba a fasa kankana ba.

Yadda ake shanta kuwa kowa ya sani. A shanye jan, a tofar da 'ya'yan, a jefa wa akuya ɓawon. Sai ga shi a 'yan shekarun nan saƙonni suna yawo a wayoyin mutane cewa abin da ake zubarwan nan shi ne maganin. A tafasa ɓawo ko 'ya'ya a sha kamar shayi, wai hawan jini ya sauka, ƙoda ta wanku, tsakuwa ta narke, maigida kuma ya dawo saurayi. Wani abu daga cikin wannan zance yana da tushe a ilimi. Mafi yawansa kuwa gishirin 'yan talla ne, kuma raba su shi ne aikin wannan zama.

Kankana ba baƙuwa ba ce a wannan shiyya. A wani kogon dutse da ake kira Uan Muhuggiag a kudu maso yammacin Libiya, kusa da Gat inda a da ayarin Damagaram ke yada zango a hanyar Tarabulus, masu tonon tarihi sun samo 'ya'yan wani dangin kankana da suka kai shekara 6000. Binciken ƙwayoyin halittarsu da aka buga a 2022 ya nuna alamar namansa fari ne mai ɗaci. Ashe mutanen wancan zamanin ba zaƙi suke nema ba, 'ya'yan suke tarawa. A 2021 kuma Farfesa Susanne Renner da abokan aikinta suka nuna cewa dangin da ya fi kusa da kankanar da ake sha yau shi ne wata irin guna mai farin nama marar ɗaci da ke fitowa a Kordofan ta ƙasar Sudan. A Masar akwai zanenta a bangon kabari, a kan faranti, tun fiye da shekara 4000 da suka wuce.

Gunar da manoman gabashin Damagaram da Manga da Barno ke shukawa a cikin gero idan damina ta yi nisa, a fasa ta a cire 'ya'ya a yi miya ko a tatsi mai, 'yar gida ɗaya ce da ita. Alhazan da suka bi hanyar Makka ta ƙasa, da Hausawan da suka zauna a Sudan, sun san tasali, soyayyun 'ya'yan kankana da ake ɓarewa ana hira. Cin 'ya'yan ya girmi shan jan nesa ba kusa ba. Ita jar mai zaƙi ta yaɗu a lambunan Mirya da Gidimuni da kwarin Korama ta wajen Matamaye da Magarya ne tare da noman rani, wanda ya sami ƙarfi bayan farin 1984 lokacin da gwamnatin Seyni Kountché ta tura jama'a fadamu. Irin da manoma suka fi saye, su Kaolack da Sugar Baby da Charleston Gray, duk daga kamfanonin iri suke zuwa.

Shayi ne baƙon. Koren ganyen nan da ake murzawa ƙanana-ƙanana daga Sin yake fitowa, kuma ya cika kasuwannin Maroko ne a tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da yaƙin Kirimiya ya toshe wa fataken Ingila wasu kasuwanninsu suka juye hajarsu a Tanja da Mogador. Daga can Larabawa da Buzaye suka ratsa hamada da shi. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa ya rasu a 1884, da shekarun da suka biyo baya har zuwan Faransawa a 1899, shayi da dunƙulen sukari kayan ayari ne da ake saukewa a Zango, abin shan sarakuna da manyan fatake irin su Malam Yaro. Talaka sai dai ya ji ƙamshi.

Yau kuwa babu lungun da ba a ɗora buta. Tun farkon shekarun 1990, lokacin da aikin gwamnati ya yi wuya kuma siyasar jam'iyyu ta buɗe, samari suka fara kafa fada-fada, kuma masu bincike da yawa suna cewa daga Zinder, wato Damagaram, abin ya tashi. Mai bincike Adeline Masquelier ta rubuta littafi sukutum a kan fada a 2019. Duk wanda ya taɓa zama a cikinta ya san tsarin shayin: na farko mai ɗaci, na biyu daidai, na uku zaƙi zalla, ana ɗaga buta sama ana tsiyayawa har kumfa ta tashi. Babu laifi a zumuncin. Matsalar tana cikin butar. Ganyen da aka bari yana tafasa a kan gawayi na dogon lokaci yakan saki ɗaci da bauri mai yawa, ɗacin nan kuma shi ke kiran sukari, har abin da ke cikin finjali ya koma kamar zuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babban mutum zai ƙara a abinci da abin sha a yini kada ya wuce kamar giram 50, wato ƙaramin cokali 12, kuma in ya tsaya a cokali 6 ya fi. Mai zama fada biyu a rana, ya haɗa da kokon safe da lemon kwalba, ya wuce wannan iyaka tun kafin la'asar.

A nan ne kankana take da abin faɗa, kuma a ganin mai wannan lacca babban amfaninta ke nan, duk da ba shi ne ake yayatawa ba. Kashi 92 cikin 100 na namanta ruwa ne. Sukarin da ke cikin giram 100 bai wuce kamar giram 6 ba, alhali lemon kwalba yakan kai giram 10 ko fiye. Idan zaƙin kankana ya maye gurbin cokulan da ake zubawa, mutum ya sami ruwa mai yawa a jiki da sukari kaɗan, a garin da ƙishirwa ke kwantar da tsofaffi da masu azumi.

To yaya ake haɗa shi? Kafin wuƙa ta taɓa kankana, a wanke bayanta da ruwa mai tsabta da sabulu, a ɗauraye sosai. A ƙasa ta kwanta tun tana ƙarama, ta sha taki da feshin maganin ƙwari, ta bi hannu da yawa, kuma duk abin da ke bayanta wuƙa za ta shigar da shi ciki. Wanda zai dafa ɓawo ya fi kowa bukatar wannan wankin. Sai a fere koren fatar nan mai tauri a zubar, a bar farin da ke tsakaninta da jan. Shi za a yayyanka ƙanana, kamar cikin tafi biyu, a zuba a ruwa lita ɗaya da 'yar citta da aka daddaka, a bar shi ya tafasa a hankali minti 10 zuwa 15. Farin ɓawo ba shi da wani ɗanɗano na kirki, ɗan ƙamshin ɗanyen ganye kawai gare shi, shi ya sa citta ko kanumfari biyu-uku suke da muhimmanci.

Idan an sauke tukunya, a ɗan jira tafasar ta kwanta kafin a zuba ganyen shayi ƙaramin cokali biyu da na'a-na'a, a rufe minti 3, a tace. Samarin fada za su ce wannan ai ba shayi ba ne, ruwan wanke buta ne. Suna da gaskiyarsu ta wajen ƙarfi. Amma ganyen da bai daɗe a wuta ba ba ya ɗaci, abin da ba ya ɗaci kuwa ba ya neman sukari.

Jan naman ba ya shiga wuta. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi. Kankanar da aka dafa ƙamshinta yakan juya ya koma na dafaffen kabewa, ɗan bitamin C da ke cikinta, kamar miligiram 8 a giram 100, shi ma zafi ya lalata shi. A cire 'ya'yan, a dama naman da ludayi ko a niƙa a inji, a jira ruwan shayin ya huce sannan a haɗa, rabi da rabi ko yadda baki ya so, a matsa lemun tsami. Kada kuma a tace shi tas. Sinadarin da ke ba kankana launin ja, laikofin, ba ya narkewa a ruwa, yana maƙale ne a jikin tsokar, saboda haka wadda ta tace ta zubar da tuƙar ta zubar da shi. Jar kankana tana da laikofin kamar miligiram 4 da rabi a giram 100, fiye da ɗanyen tumatir. Uwargidan da ke son launi da ɗan tsami tana iya sa zoɓo a madadin ganyen shayi, wanda ya fi dacewa da yara da masu fama da rashin barci tunda babu kafeyin a cikinsa.

Akwai masu shanya farin ɓawon a inuwa mai iska, a rufe da ƙyalle saboda ƙuda da ƙura, su adana a kwalba don lokacin da kankana ta yi tsada. A busasshiyar iskar bazarar Damagaram kwana kaɗan ya isa. In ya yi baƙi-baƙi ko ya yi warin funfuna, na zubarwa ne.

Shayin 'ya'ya shi ne ya fi suna a saƙonnin waya: a soya su sama-sama a kasko, a daka a turmi, a tafasa babban cokali biyu a lita ɗaya, a tace. Yana da ɗan ƙamshin gyaɗa, kuma ba ya cutarwa. Sai dai akwai abin dubawa. Ƙwayar busassun 'ya'yan kankana abinci ce mai nauyi: kusan kashi 28 cikin 100 furotin ne mai gina jiki, kusan kashi 47 mai ne, ga maganiziyom da zinki da sinadarin ƙarfe. Mai da furotin ba sa bin ruwa su wuce rariya. Wanda ya tafasa ya tace ya zubar da dusar ya sha romo ya bar nama. Kakannin da ke daka 'ya'yan guna su kaɗa a miya sun fi shi dabara, haka ma yaron da ke ɓare soyayyu yana ci.

Sai maganar hawan jini, wadda ita ce ta tara mutane da yawa a wannan zaure. Akwai wani sinadari a kankana da ake kira sitrulin, wanda masana biyu 'yan Japan, Koga da Odake, suka fara cirowa daga cikinta a 1914. Idan ya shiga jiki, ƙoda takan mayar da shi wani sinadarin mai suna arjinin, shi kuma jijiyoyin jini su yi amfani da shi su samar da iskar naitirik oksaid, wadda ke sa bangon jijiya ya saki ya buɗe. Jijiya in ta buɗe, jini ya wuce ba tare da matsi ba. Gano aikin wannan iska a jijiyoyi shi ya ba Furchgott da Ignarro da Murad kyautar Nobel a 1998. Binciken da aka yi a ma'aikatar noma ta Amurka a 2005 ya tabbatar da cewa farin ɓawo ma yana ɗauke da sitrulin, har ya fi jan idan aka auna su a bushe. Kuma shi, saɓanin laikofin, yana narkewa a ruwa. Don haka tafasa ɓawo ba shirme ba ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne yawan da ake bukata. Gwajin da aka fi ambata, wanda Arturo Figueroa ya jagoranta a Jami'ar Jihar Florida aka sanar a 2010, an yi shi ne da mutum 9 kacal, waɗanda jininsu ya fara hawa amma bai kai na cuta ba. Ba shayi aka ba su ba. Garin kankana ne da aka tace a masana'anta, mai ɗauke da giram 4 na sitrulin da arjinin, kullum har mako 6, kuma an ga matsin jininsu ya ɗan ragu. Kilo guda na ɗanyar kankana bai cika wuce giram 2 zuwa 3 na sitrulin ba. Mai son ya kai abin da aka ba waɗancan sai ya cinye fiye da kilo guda kowace rana, kuma abin da cikin tafi biyu na ɓawo zai saki a tukunya ɗan kaɗan ne daga wannan. Kofin shayin ɓawo yana iya zama ƙari mai kyau ga wanda ya rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miya, yake tafiya da ƙafa, yake shan ƙwayarsa. Baban da ya ajiye maganin da aka rubuta masa a asibiti ya koma tukunya kuwa, shanyewar ɓarin jiki yake kira, domin hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum.

Zancen ƙarfin maza ma daga wannan jijiyar ya fito. A 2008 wani masani a Jami'ar Texas A&M, Bhimu Patil, ya yi bayanin cewa sitrulin na sassauta jijiyoyi ta hanyar da ta yi kama da ta ƙwayar Viagra, jaridun duniya suka ɗauka suka ƙara masa yaji. Lissafin kilon nan bai canja ba. Abin da ya kamata magidanci ya sani shi ne rauni ta wannan fanni sau da yawa alama ce ta farko ta ciwon sukari ko lalacewar jijiyoyi, kuma awon jini ne ke gano su.

Ƙoda kuma ba tukunya ba ce da za a wanke. Shan ruwa da yawa yana rage haɗarin tsakuwa, musamman a ƙasa mai zafi inda gumi ke ƙwace ruwan jiki fitsari ya yi kauri, kuma shayin kankana ruwa ne, ta nan yana taimakawa. Babu gwajin asibiti da ya tabbatar da cewa yana narkar da tsakuwar da ta riga ta samu. Ga wanda ƙodarsa ta riga ta gaza ma, abin yana iya juyewa. Kankana tana da fotasiyom kamar miligiram 112 a giram 100, ƙodar da ba ta aiki ba ta iya fitar da shi, in ya taru kuma yakan rikita bugun zuciya. Masu zuwa wankin ƙoda an ƙayyade musu har ruwan da za su sha, saboda haka wannan shayi ba nasu ba ne sai da izinin likita.

Mai ciwon sukari yana iya sha, ƙaramin kofi, ba tare da ƙara ko cokali ɗaya ba, kuma ya fi masa ya rinjayar da ruwan ɓawon a kan jan. Sukarin kankana kaɗan ne amma yana saurin shiga jini, balle an niƙa ta.

Iyaye mata suna da nasu kason. Ganyen shayi yana da sinadarin bauri da ke kama ƙarfen da ke cikin gero da wake da ganye ya hana hanji tsotse shi, har yakan rage fiye da rabi idan aka sha tare da abinci. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya sami ƙarancin jini a jikin kusan yara 7 cikin 10 'yan ƙasa da shekara 5, da kusan rabin matan da ke shekarun haihuwa. Mace mai ciki ko mai shayarwa gara ta yi nata da ɓawo da citta kawai, in kuwa da ganyen ne ta ba da tazarar awa guda bayan cin abinci. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono kaɗai ne nasa, ko ɗigo ba a ba shi. Yaron da ke zawo kuma ruwan gishiri da sukari na asibiti yake bukata, domin kankana kusan ba ta da gishirin da jikinsa ke zubarwa.

Wani gargaɗin ya shafi daji. Kwartowa, 'yar ƙaramar nan mai zane da ke yaɗo a rairayin arewa, dangin kankana ce, amma ɗacinta guba ne mai sa zawo har da jini. Irin wannan sinadarin mai ɗaci yakan ɓulla jefi-jefi a guna da kankanar gona. A ɗanɗana ɓawo kafin a dafa. In ya yi ɗaci a zubar da shi duka, tafasa ba ta kashe shi.

Saura tsabta, wadda rashinta a Zinder ya fi duk sauran hatsari. Kankanar da aka yanka aka bari a faranti a rana, ƙuda na sauka ƙura na zuba, wuri ne da ƙwayoyin cuta ke hayayyafa da sauri, tunda ga ruwa ga zaƙi kuma ba ta da tsamin da zai hana su. Ƙa'idar masana abinci ita ce yankakkiyar kankana kada ta wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura 32 kuma awa 1. Jihohin Zinder da Maraɗi suna cikin waɗanda kwalarar 2021 ta taɓa, kuma ƙanƙarar da ake saye a leda ba ta fi ruwan da aka yi ta da shi tsabta ba. Gara a sayi kankana sukutum a fasa a gida, a sanya ledar ƙanƙarar a jikin kwano daga waje maimakon a fasa ta a ciki, ko a jingina kwalbar a gindin randa a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. A gidan da ke da firji kuma wuta ta tsaya, haɗin yana iya kwana ɗaya. A gidan da babu, abin da aka haɗa gab da magariba a shanye shi a buɗa baki. Na sahur kuwa a tafasa ruwan ɓawon da dare a bar shi a rufe, a sake tafasa shi da asuba, a fasa sabuwar kankana a lokacin.

Sauran lokacin na masu tambaya ne, za a fara da ɓangaren iyaye mata.